Kwami Ko Gulbi: A Ina Ya Kamata Matashin Mabera Ya Koyi Ninƙaya?

Idan aka ce wa ɗalibin sakandare a Mabera ya hau keke ya yi tafiyar kilomita 20, zai ce a miƙo masa keken kawai. Idan aka ce ya sauka ya yi gudun kilomita 5, zai ɗan yi gunaguni amma zai yi, domin wanda ke buga ƙwallo daga la'asar har magariba ya saba da wahalar da ta fi wannan. To amma idan aka ce kafin keken da gudun sai ya fara yin ninƙayar mita 750 ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, a nan ne zance zai tsaya.

Waɗannan abubuwa uku, in aka jera su ba hutu a tsakani, su ne ƙaramin zangon wasan da ake kira tirayatilon, wato gasar uku cikin ɗaya: ninƙaya, sai tseren keke, sai gudu. Biyu daga ciki muna da su a unguwa tun muna ƙanana. Na ukun ne muke son mu tattauna da ku a wannan mako, ƙannenmu, domin kuskure ɗaya a cikinsa na iya zama ajalin mutum. Wanda ya gaji a kan keke zai sauka ya tura. Wanda ya gaji da gudu zai zauna a bakin hanya. Wanda ya gaji a tsakiyar gulbi ba shi da wurin zama.

Daga ina wasan ya fito?

An yi gasar farko ta wannan wasa, a siffar da aka san shi yanzu, ranar 25 ga Satumban 1974 a birnin San Diyego na Amurka, inda mutum 46 suka shiga. A 1978 aka fara doguwar gasar nan ta Ironman a tsibiran Hawai, wadda ake yin ninƙayar kilomita 3.8, da tseren keke na kilomita 180, sannan a rufe da gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1989 a Faransa, kuma ya shiga gasar Olamfik a karon farko a 2000 a birnin Sidni na Ostireliya. Zangon Olamfik shi ne ninƙayar mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Afirka ma ta taɓa hawa dandamalin karɓar lamba: Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Olamfik ta 2016 a Burazil.

Abin lura shi ne, a manyan gasannin ba a yin ninƙayar a kwamin ninƙaya, wato ginannen wurin wankan nan mai tayil da ake gani a otal-otal da filayen wasa. A buɗaɗɗen ruwa ake yi. A Sidni a mashigar teku aka yi, a Landan a 2012 a cikin tafki, a Burazil a bakin teku, a Faris kuwa a 2024 a cikin kogin Sen. Saboda haka duk mai son wasan dole ya san ruwa iri biyu: na kwami, inda ake yawan atisaye, da na gulbi ko tafki, inda ake yin gasar.

Matsalarsu daban, tamu daban

A ƙasashen da wasan ya yi ƙarfi, yaro kan tashi da kwami a makarantarsu ko a unguwarsu. Ya iya ninƙaya tsaf, amma ranar da aka kai shi tafki ya duba ƙasa bai ga komai ba sai duhu, sai gabansa ya faɗi. Shi ya sa masu horarwa a can ke fama da tambayar sau nawa za a fitar da ɗan wasa daga kwami zuwa buɗaɗɗen ruwa.

Mu a Sakkwato abin ya juya. Muna da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ga tafkin Kware, ga madatsar ruwan Goronyo. A Mabera kuwa, kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a lunguna da ramuka da zarar damina ta kankama. Kwami ne ya yi mana ƙaranci, ɗan wanda ake da shi ma galibi sai an biya kuɗin shiga. Don haka yawancin waɗanda suka iya ruwa a cikinmu a kududdufi ko a bakin gulbi suka koya, ba malami, ba mai tsaro, sau da yawa ma ba da sanin iyaye ba.

Wannan hanyar koyo tana da tsada, kuma da rai ake biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Girman matsalar ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara don wayar da kai game da nutsewa a ruwa. A jiharmu ma ba mu manta da jirgin ruwan da ya kife a yankin Shagari a watan Afrilun 2022 ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu. Ke nan batun raba lokaci tsakanin kwami da gulbi ya shafi har wanda bai taɓa tunanin shiga wata gasa ba.

Abin da kwami ke koyarwa

Kwami aji ne. Ruwansa a kwance yake, ana ganin ƙasansa, an san zurfinsa, ga bango a kusa. A gasar duniya ma an ƙayyade ɗuminsa tsakanin digiri 25 zuwa 28. A irin wannan wuri ne mutum zai iya mayar da hankali kan jikinsa ba tare da fargaba ba.

Darasi na farko shi ne kwanciya a kan ruwa. Mafi yawan waɗanda suka koyi iyo a kududdufi da kai a sama suke yi, suna dukan ruwa da hannu da ƙafa. Da zarar kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, mutum ya koma yana jan jikinsa kamar mai jan buhu. Zai yi sauri a mita 15 na farko, daga nan numfashi ya ƙare. A kwami ake koya wa mutum ya sa fuskarsa cikin ruwa, ya miƙe sambal, ruwan ya ɗauke shi.

Na biyu shi ne numfashi. Gwani yana fitar da iska ta hanci da baki tun fuskarsa na cikin ruwa, in ya juya kai gefe sai shaƙa kawai. Mai koyo kuwa riƙe numfashi yake yi, in ya ɗago ya so ya fitar ya kuma shaƙa a lokaci guda, sai ya ƙare da kurɓar ruwa.

Na uku shi ne awo. Kwamin Olamfik mita 50 ne, don haka mita 1,500 tsallakawa 30 ce. A kwami mai mita 25 kuwa 60 ce, mita 750 kuma 30. Da agogo da littafi mutum zai san a minti nawa yake cin mita 100, ya kuma ga ko ya ci gaba bayan wata guda. A gulbi ba za ka taɓa sanin saurinka ba, domin ba ka san nawa ne naka nawa ne na ruwa ba.

Akwai kuma darasin da ya shafi tirayatilon shi kaɗai: tattalin ƙafa. Wanda zai fito daga ruwa ya hau keke sannan ya yi gudu, bai kamata ya ƙarar da cinyoyinsa a ruwa ba. 'Yan wasan kan bar hannu da kafaɗa su yi yawancin aikin, ƙafa kuwa ana kaɗa ta a hankali don jiki ya daidaita.

Sai dai kwami yana da ruɗi. Kowane mita 25 akwai bangon da za ka dafa, ka tunkuɗa da ƙafa, ka sami ɗan hutu da ƙarin gudu kyauta. Akwai baƙin layi a ƙasa da ke nuna maka hanya. Wanda ya saba da waɗannan yana iya zaton ya gama iya ruwa, alhali rabin karatun ya yi.

Abin da gulbi ke koyarwa

Ba sai mun je Turai neman malaman buɗaɗɗen ruwa ba, suna nan Argungu, tafiyar kusan kilomita 100 daga Sakkwato. Bikin kamun kifi na Argungu, a siffarsa ta yanzu, ya faro ne a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, abin da ya tabbatar da zaman lafiya tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ban da kamun kifi a Matan Fada, akwai wasannin ruwa da ake kira kabanci: tseren kwalekwale, da nutso, da ninƙaya, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu.

Duk wanda ya kalli bikin da idon basira zai ga abubuwa uku. Masunci ba ya shiga ruwa sai da goransa, wanda yake kwanciya a kai in ya gaji. Ba ya shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kuma ba ya shiga shi kaɗai. Mutanen da suka gaji ruwa kaka da kakanni su ne suka fi kowa kiyaye ƙa'idarsa. Abin mamaki, a gasar tirayatilon ta zamani ma haka ake yi: ana auna ruwan kafin a shiga, ana zuba jiragen ceto a gefe, masu atisaye kuma kan ɗaura wani balan-balan mai launi a ƙugu don a hango su, su kuma rungume shi in sun gaji. Goran Bakabe ne aka yi da roba.

A buɗaɗɗen ruwa ake koyon duba hanya. Babu layi a ƙasa, kuma kusan kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, don haka in ya daɗe bai duba ba sai ya karkace. Dabarar ita ce a zaɓi wani abu da ba ya motsi a gaba, kamar bishiya ko hasumiyar masallaci, a riƙa ɗaga ido kaɗan sama da ruwa bayan kowane jan hannu shida zuwa goma, a saita, a mayar da fuska.

A nan ne kuma ake sanin ƙarfin ruwa. Saman gulbi na iya zama lumui alhali ƙasa yana gudu. Ruwa ya fi sauri a tsakiya da kuma ta wajen kwana, yana yin juyi a gindin gada. Mu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muna ƙetare Rima a Kwalkwalawa kusan kullum, kuma har yau ana ba da labarin ambaliyar watan Satumban 2010 da ta yanke hanyar shiga jami'ar. Ruwan da ya iya cin hanyar mota, ƙirjin yaro ɗan shekara 15 ba komai ba ne a wurinsa.

Babban darasin gulbi shi ne natsuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017, wanda ya bi diddigin mace-mace da tsayawar zuciya a gasannin tirayatilon na fiye da shekara 30, ya gano kusan kashi biyu cikin uku a ruwa suka faru, yawanci ga maza masu matsakaicin shekaru. Farkon gasa cunkoso ne, wannan ya doke ka da gwiwar hannu, wancan ya haure ka, ruwa ya shiga hanci. Wanda bai saba ba sai tsoro ya kama shi, numfashi ya rikice. Maganin shi ne a juya rigingine, a baje hannuwa, a kalli sama har numfashi ya dawo. Amma sai wanda ya gwada hakan sau da yawa a wuri mai aminci ne zai tuna da shi a lokacin firgici.

'Yan Afirka biyu, darasi ɗaya

A Olamfik ta 2000, wani matashi daga Ikwatoriyal Gini mai suna Eric Moussambani ya shiga ninƙayar mita 100. 'Yan watanni kafin nan ya fara koyo, a ƙaramin kwamin wani otal, bai kuma taɓa ganin kwami mai mita 50 ba sai da ya isa Sidni. Ya fara da ƙarfi, amma a dawowa ƙarfin ya ƙare, da ƙyar ya kai bango a minti 1 da daƙiƙa 52, fiye da ninki biyu na lokacin gwanaye. Bai yi zuciya ba. Ya ci gaba da atisaye a tsare har ya sauko ƙasa da minti ɗaya, daga baya kuma ya zama mai horar da 'yan ninƙayar ƙasarsa. Jarumta yana da ita tun farko, horo ne ya rasa.

Na biyun shi ne Usama Mallouli na Tunisiya. A 2008 a Beijin ya ci zinare a ninƙayar mita 1,500 ta cikin kwami. Bayan shekara huɗu, a Landan, ya fita tafki ya ci zinare a ninƙayar kilomita 10. Shi ne mutum na farko da ya haɗa zinaren Olamfik na kwami da na buɗaɗɗen ruwa. A lura da jerin: shekarun da ya yi yana gyara hannu da numfashi a kwami su ne jarin da ya fita da shi tafki.

Yadda za a raba lokaci

Masu horarwa sun yi ittifaƙi a kan cewa mafi yawan atisaye a kwami ya kamata a yi shi, buɗaɗɗen ruwa kuma ya zama na gwaji da sabo, a ƙara shi in gasa ta matso. Ga ɗalibin da ke da karatu a gabansa, shawararmu ita ce cikin kowane zuwa huɗu, uku su zama na kwami, ɗaya na waje. Wannan ɗayan ma ba a fara shi sai mutum ya cika sharuɗɗa: ya iya yin mita 400 a kwami ba tsayawa ba dafa bango, ya iya tsayuwa a ruwa mai zurfi na minti biyu ko uku, ya kuma iya kwanciya rigingine ya huta.

Mu a nan yanayin shekara ma yana da ta cewa. Daga Yuni zuwa Oktoba gulbi ya cika, ya yi ja, yana tafe da itace da shara, kuma in aka saki ruwa daga madatsa yana iya ƙaruwa ba zato. Wannan lokaci na kwami ne da keke da gudu kawai, ko gwani ba ya atisaye a gulbi. Da hunturu ruwa ya ja baya amma yana da sanyi da safe, sanyi kuwa yana sa numfashi ya sarƙe a daƙiƙun farko, yana kuma ɗaure jijiyar ƙafa. A shiga a hankali, a jiƙa fuska da wuya tukuna, kada a yi tsalle a faɗa. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kowa na marmarin ruwa, kuma a lokacin ne yara suka fi satar jiki su tafi gulbi. Ruwan ya ragu, amma akwai ramukan da masu ɗibar yashi suka bari, inda mutum zai taka daga ruwa iya gwiwa ya faɗa wanda ya shanye kansa.

Ranar fita waje tana da dokoki. A tafi da babba wanda ya san wurin, zai fi kyau masunci mai kwalekwale. Iyaye su san inda aka tafi. A yi iyo a gefen gaɓa ana bin tsawonta, ba a nufi tsakiya ba. In ruwan na gudu, a fara da fuskantarsa tun da sauran ƙarfi, don ya taimaka a dawowa. A ɗaura jarka fanko mai murfi da igiya a ƙugu. Minti 15 zuwa 20 sun isa a farko. In an fito a ɗan tsaya kafin a ruga, domin jiri kan ɗebi mutum idan ya miƙe tsaye bayan ya daɗe a kwance cikin ruwa.

A kawo gulbi cikin kwami

Tunda watanni da yawa gulbi ba ya shiguwa, ana iya kwaikwayonsa a kwami. Ku riƙa juyawa kafin ku kai bango, ba dafawa ba tunkuɗawa. Ku ajiye buta ko takalmi a bakin kwami, ku riƙa ɗaga ido kuna saita shi kamar bishiyar gaɓa. Ku rufe ido ku yi jan hannu takwas, aboki na kallo, ku buɗe ku ga ɓangaren da kuke karkata. Ku koyi numfashi ta dama da ta hagu, domin a waje iska na iya watso ruwa ta gefen da kuka saba. Ku jeru ku uku kafaɗa da kafaɗa ku tashi tare, don jiki ya saba da gogayya. Duk wannan a gaban mai tsaron kwami za a yi.

Ruwan da ba a shiga ko kusa

Ba nutsewa kaɗai ce barazana ba. Kafin Olamfik ta 2024, Faransa ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace kogin Sen, wanda aka hana wanka a cikinsa a 1923. Duk da haka, da aka yi ruwan sama ƙazanta ta kwararo, sai da aka ɗage gasar tirayatilon ta maza daga 30 zuwa 31 ga Yuli, aka jira awon ruwa ya nuna za a iya shiga. Idan ƙasa mai wannan ƙarfi ta ɗage gasar duniya saboda ruwan sama ya wanko datti, me za a ce da ruwan da ke kwanciya a Mabera bayan ya bi ta kwatoci da bola da masai? Wannan ruwan ba na wanka ba ne, ba na wasa ba ne. Akwai kwalabe da ƙarafa a ƙasansa, akwai amai da gudawa da taifot a cikinsa.

Sai kuma tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Wasu na ɗaukar ta alamar girma ga yaro namiji, alhali cuta ce da wata tsutsa ke haddasawa. Tsutsar na rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, kuma ta fi fitowa da tsakar rana. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da ita. Tana da magani, ƙwayar firazikwantel, wadda ake rabawa a makarantu a wasu lokuta. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa iyayensa a je asibiti, ba abin kunya ba ne. Wannan ma wani dalili ne na rage yawan shiga gulbi da tafki, a kuma guji wuraren da ciyawa ta yi yawa ruwa ba ya motsi.

To in babu kuɗin kwami fa?

Mun san wannan ita ce tambayar da ke ran da yawanku. Abu na farko, wasan yana da ƙane da ake kira duwatilon, wanda gudu ne, sai keke, sai a sake gudu, babu ruwa sam. Ana iya fara shi gobe da keken gida. Na biyu, abin da ɗalibi ɗaya ba zai iya ba, ƙungiya za ta iya. Ku haɗu ku goma ko goma sha biyar, ku sami malamin wasanni na makarantarku, shi ya nema muku rangwame a wurin masu kwami a lokacin da ba su da baƙi, kamar safiyar Asabar. Zuwa sau ɗaya a mako na zango guda, da malami a kai, ya fi shekara uku ana fantsama a kududdufi.

Ƙannenmu mata ma wannan magana da ku ake. Jirgin ruwa in zai kife ba ya tambayar mace ko namiji, kuma mata da yara suna cikin waɗanda suka fi shiga jiragen zuwa kasuwa da gona. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki duka, ana kuma iya neman a ware lokaci na mata zalla da malama mace. Makarantun 'yan mata da ƙungiyoyin iyaye da malamai za su iya jagorantar wannan.

Akwai kuma abin da kowa ya kamata ya sani ko bai iya ruwa ba. Wanda ruwa ke ci galibi ba ya ihu, domin ba shi da numfashin yin ihun. Za a ga kansa na nutsewa yana ɗagowa, hannuwa na dukan ruwa a gefe. Kada ku faɗa don ceto, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya samu, sau da yawa a rasa mutum biyu. Ku yi kururuwa manya su zo, ku miƙa masa dogon sanda kuna kwance a gaɓa, ko ku jefa masa igiya ko jarka fanko. In za ku shiga jirgin ruwa kuma akwai rigar kariya, ku sa ta ko da ana muku dariya.

Jihohin yankin Neja Dalta sun daɗe suna fitar da 'yan ninƙayar Nijeriya, domin yaran da suka tashi a bakin ruwa sun sami waɗanda suka kai su kwami suka gyara musu hannu. Yaran Rima da Argungu da Yawuri ba su gaza su sanin ruwa ba. Muna kira ga hukumomin wasanni da na ilimi su dubi samar da kwami na jama'a mai sauƙin kuɗi da masu koyarwa a Sakkwato. Kafin a kai ga haka, ku fara da abin da ke hannunku: ku kai wannan shafi wurin malamin wasanninku a wannan makon, ku tambaye shi yadda za a kafa ƙungiyar koyon ninƙaya kafin damina ta sake sauka.